Ɗigon da Na Shafe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na gyara wa sararin sama hoto ba. Ni mai hoto ne a unguwar Poumpoumré ta Garwa, ko in ce da can, kafin wayar hannu ta mai da kowane sakarai mai hoto. Boko na tsaya a rabi, amma a goge tabo da ƙurji a fuskar mutum, duk Garwa ba wanda ya kama ƙafata.

Ramatu 'yar ƙanena ce, tana karatun taurari a ƙasar waje. Ta zo hutu, tsohuwar makarantarta ta gayyace ta ta yi wa ɗalibai bayani. Ubanta, Alhaji Usmanu, ya taso daga garin Mayo-Oulo da magana ɗaya: in bai ga amfanin karatun nan da idonsa ba, ba za ta koma ba.

Ta kawo mini wani babban hoto. "Baffa, a sa mini a firam, don Allah."

Da ta tafi na shimfiɗa shi, na daɗe a tsaye. Wasu fararen abubuwa biyu ne sun sarƙe da juna cikin baƙi, kowanne da doguwar jela kamar hayaƙi. Sai na hango wani ɗigo a gefe, fari fat. Na ce ƙura ce ta hau musu (har tsaki na yi, wai Turawa da duk injinansu). Na ɗauko ɗan burushina da baƙar tawada, na shafe shi tsaf.

Ranar taro na sa babbar riga, na zauna a gaba kusa da Alhaji. Ramatu ta fara da Faransanci, ta juya Hausa saboda ubanta. Ta ce kowane farin nan garken taurari ne da ba sa ƙirguwa. Garken biyu sun yi karo, karon kuma yana haifar da sababbin taurari. Hasken da muke kallo ya baro can tun miliyoyin shekaru.

"Amma aikina duka a kan ɗigo ɗaya yake," in ji ta. "Yana fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti. Ido ba ya ganinsa, sai na'urar da ke shawagi a sama, ita ta ɗauko hoton nan. Ƙarfinsa ya fi rana sau miliyoyi. Muna zaton wani mataccen tauraro ne ke zuƙe maƙwabcinsa. Ga shi nan..."

Yatsanta ya yi ta yawo a kan gilashin hoton. Babu komai.

Alhaji ya gyara hula. "Wato abin da kike karantawa ma babu shi?"

Da wani mai hankali ne a matsayina, da ya yi shiru. Ni kuwa na miƙe, na ce da ƙarfi, "Ai datti ne, ni na goge miki!"

Ɗalibai suka fashe da dariya, wani malami har da riƙe ciki. Ramatu ba ta yi dariya ba. Ta cire hoton daga firam, ta jiƙa bakin mayafinta da ruwan gora, ta murza a hankali. Tawadar ta bi ruwa, ɗigon ya fito fari fat. Na dube shi, abin da ya fi rana sau miliyoyi, ni kuma na rufe shi da burushin da nake ɓoye ƙurajen amare.

Alhaji ya matsa, ya daɗe yana kallo, yana ta "Allahu Akbar" a hankali. Can ya ce, "Abin da ya gagari tawadar Yaya, ni ban isa in tare shi ba. Koma ki ƙarasa."

Hoton yana rataye a shagona yanzu, da shacin tawada kewaye da ɗigon. Tun ranar, ko ƙuda na gani a kan hoto, sai na tambayi mai shi ko yana so.