Rigar Gwangwani a Gaban Baffa Ilu

Na faɗi a gaban mutumin da zai ba ni aure, ina sanye da rigar gwangwani tun daga kai har ƙafa, ruwa yana zuba ta tsakanin cinyoyina. Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na yi niyya, mutanen Haɗejiya ba za su bar ni ba.

Ni mai dalma ne. Ina liƙe bokiti, ina yin mazurari da fitilar aci-balbal da gwangwani. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Kafin dalma kamun kifi nake yi. Kwalekwale ya kife da ni sau biyu. Ambaliya ta cinye mana gida a ƙauye, ciwon da ya biyo bayanta ya tafi da matata ta fari. Na shigo gari da guduma ɗaya da almakashi. Ba na wasa, ba na hira. Abu ɗaya nake taƙama da shi: abin da na liƙe ba ya yoyo.

A shekarun casa'in ne, zamanin dogon layin fetur, na kusa arba'in. Ina neman Hansatu, wata bazawara mai suyar kifi a bakin tasha. Ita ta yarda. Saura waliyyinta, Baffa Ilu, yayan mahaifinta, manomin shinkafa a Auyo. An ce ya kori mutum biyu kafin ni. Na farko don yana dariya da ƙarfi. (Na biyun ban ji laifinsa sosai ba, an dai ce yana ɗaura agogo a hannun dama.) Hansatu ta ce masa ni ko murmushi ba na yi. Ya ce zai shigo gari ya gani da idonsa. Bai faɗi rana ba.

A lokacin ne Bitrus, wani malamin gona ɗan Filato, ya buɗe shago a ƙarshen layinmu. Talabijin biyu, benci uku, ƙaramin janareta, da abin wasan nan da suke kira gem. Ya kira ni in liƙe masa tankin janareta. Na liƙe. Ina jira ya gwada, sai na ɗaga kai.

A cikin talabijin akwai wani ɗan mutum sanye da ƙarfe, yana tafiya daga hagu zuwa dama. A jefe shi da wuta, ya faɗi, ya tashi, ya ci gaba. A sake jifansa, ya sake tashi. Bai ce wa kowa komai ba. Na ce a raina, wannan ɗan'uwana ne.

Daga ranar kullum bayan la'asar ina can, tsaye a bayan benci. Ban taɓa riƙe abin bugawar ba.

"Maigida, zauna mana ka buga ko sau ɗaya," in ji Bitrus.

"A'a."

"To me kake kallo haka kamar mai jiran mota?"

"Liƙin kafaɗarsa."

Ya yi dariya har da buga benci. "Kai da ake cewa babu abin da ba ka yi da gwangwani. Wannan rigar fa?"

"Zan iya."

"Allah? In ka yi ka sako ta ka zo nan, ni da kaina zan kira mai hoto."

Sati shida na yi ina aikin, bayan na tashi daga na mutane. Garwar kananzir huɗu, gwangwanin man gyaɗa ban san iyakarsu ba, da wani tsohon bokiti da na huda wa wurin ido. Na goge su da toka da yashi har suna ɗaukar ido. Ba wanda ya sa ni, ba wanda ya koya mini. Abin da na gani a talabijin shi na yi.

Nan ne matsalar. Mutumin talabijin yana tafiya, yana tsalle, yana harbi. Ban taɓa ganin ya zauna ba. Ban taɓa ganin ya tsuguna ba. Saboda haka ƙafafun na yi su kamar bututu, miƙe daga cinya har idon sawu, na haɗe su da takalmin. Kuma ban taɓa ganin ya tuɓe ba, don haka ban yi tunanin yadda za a fita ba. Gaba da baya na yi, a shiga tsakiya, a ninke bakin da filaya kamar gindin bokiti.

Na zaɓi tsakar rana a bazara, bayan azahar, lokacin da kowa ya kwanta a inuwa. Na ce ba mai gani. (Mutumin da ya shekara goma yana aikin gwangwani ya san abin da rana ke yi wa gwangwani. Ranar na manta.)

Maƙwabcina a kasuwa, Ɗan'azumi mai faci, shi ya rufe ni. Shi ma irina ne, ba ya son abin da ke fitar da iska. Ya yanko tsohon tub, ya bi ƙugu da hammata da tsakanin ƙafafu ya manne da gam.

"Akwai zafi," na ce.

"Bari in taimake ka, abokina."

Ya ɗebo ruwan randa moɗa biyu ya zuba mini ta wuya, sannan ya kifa mini bokitin a kai. Ruwan ya gangara ya tsaya a wandon gwangwanin. Muka duba ƙasa. Ko ɗigo babu. Gaskiya na ji daɗi.

Daga rumfata zuwa shagon Bitrus bai fi taku ɗari biyu ba. Ina tafiya gwangwani yana ƙara, ruwa yana motsi a ciki. Wata akuya ta gan ni ta bar ɓawon da take ci. Kafin taku hamsin ƙarfen ya ɗau zafi, warin kananzir ya cika bokitin, gumi yana bin bayana yana ƙaruwa a kan ruwan randa. Ta hudar ido gabana kawai nake gani.

A gabana kuwa, ƙarƙashin darbejiya, dattawa uku ne da suka sauko daga motar Auyo. Biyu suka ja da baya suna salati. Na tsakiyar, gajere mai laima, bai motsa ba. Na taɓa hango shi sau ɗaya wajen Hansatu. Baffa Ilu ne.

Ya dube ni sama da ƙasa.

"Bawan Allah, ko mutum ne ko aljan, tambaya nake. Ina rumfar mai dalman nan da ke neman 'yarmu?"

Ba wanda ya san waye a cikin bokitin. Da na nuna masa hanya na wuce, da shi ke nan. Amma ban iya ƙarya ba, kuma ba a nuna wa suruki hanya da yatsa a wuce.

"Ni ne, Baffa."

Muryar ta fito kamar daga rijiya.

"Wa?"

"Ni ne."

Ya naɗe laimarsa. "To. Sannu."

Sai ya tsaya yana jira. Kowa ya san abin da yake jira: in cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi. Takalmin a haɗe yake da ƙafa. Na bar wannan, na nufi durƙuso. Gwiwa ta ce to, gwangwani ya ce a'a. Na sake gwadawa. Ni mutum ne da ya taɓa jan kwalekwale shi kaɗai daga laka, don haka na sa ƙarfi.

Liƙina bai ba da kai ba. Facin Ɗan'azumi ne ya fashe, daidai tsakanin ƙafafu. Ruwan ya zubo gaba ɗaya, mai ɗumi, ruwan ɗorawa saboda tsatsa. Ya yi hanya a ƙasa ya nufi takalmin Baffa. Baffa ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ba shi wuri. Ni kuma na tafi da baya a miƙe, na faɗi kamar an watsar da kwanukan gidan biki.

Gaisuwa dai ba a fasa ta. Daga kwance na ce, "Ina wuni, Baffa. An zo lafiya? Ya mutanen Auyo?"

"Lafiya lau. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Ɗaya daga cikin dattawan ya matso ya leƙa. "Ilu, fitsari fa ya yi."

"Ruwan randa ne," na ce.

Har yau ban sami wanda ya yarda ba.

Ƙarar faɗuwar ta tashi kasuwa. Waɗanda na ce suna barci duk suka fito. Bitrus ya cika alkawari, ya zo da mai hoto. Hansatu ta iso da cokalin suya a hannu, ta dube ni, ta toshe baki da mayafi, ta juya. Kafaɗunta suna rawa. Ban san kuka take ko dariya ba. Na nemi Ɗan'azumi ya zo ya buɗe ni, aka ce ba ya nan. (Daga baya ya ce salla ya tafi. La'asar da sauran lokaci.)

Rana tana dukan gwangwanin, na fara jin kaina yana juyawa. Baffa Ilu ne ya ce a ɗauko almakashi a rumfata. Tsoho mai shekara saba'in ya tsuguna kusa da ni ba tare da ya dafa komai ba, ya fara yanka. Yana yanka yana bin liƙin da babban yatsa.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne."

"Hannu dai akwai." Ya cire bokitin, ya dubi kaina. "Sauran ne ban sani ba."

Da ya gama ya miƙe ya buɗe laimarsa. "Je ka gida. In ka samo gwiwoyinka, ka same ni a Auyo."

Kwana uku ban fito ba. A na huɗu na buɗe rumfa, Hansatu ta zo ta ajiye mini kifi a takarda. Ba ta dube ni ba.

"Ka tafi Auyo, ko in koma wa mai agogo."

Washegari na tafi. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa a ƙofar zaurensa da hantsi. Ya amsa gaisuwa, ya ci gaba da magana da mutanensa a kan injin ban ruwa. Bai ce in tashi ba. Aka kawo fura, aka sha, aka mayar da kwano. Ina durƙushe. Sai da ladan ya kira azahar ya juyo.

"Ashe suna lanƙwasuwa."

"Suna yi, Baffa."

"Me ya kai ka?"

Na yi tunani. Na ce, "Baffa, tun da na tashi ban taɓa yin wani abu don kawai ina so ba. Shi ne na gwada sau ɗaya."

Ya dubi gwiwoyina. Sannan ya ce, "In za ka ƙara, ka yi a cikin gida. Tashi mu yi salla."

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure.

Abin da na koya ba shi da yawa. Kafin ka shiga abu, ka duba ta inda ake fita, kuma ka tabbata za ka iya gaishe da manya a cikinsa.

Baffa Ilu ya rasu, Allah ya ji ƙansa. Bitrus ya yi ritaya ya koma gida, yana aiko da gaisuwa wai a gaida Garwa. Sunan da kasuwa ta sa mini ke nan. Hoton yana ƙasan akwatin Hansatu, tana fito da shi duk ranar da na ɗaga murya. Bokitin kaza ce ke ƙwai a ciki. Roba ta kashe mana aiki, amma ina nan a rumfar. Masu neman 'ya'yana in suka durƙusa, nan take nake cewa su tashi. Ni yanzu a kan kujera nake salla. Gwiwoyin sun daina lanƙwasuwa, kuma wannan karon ba gwangwani.