Yadda Stamen Ya Yi Jinyar Amfilifaya da Bargo

"Ni da transista? Da ƙamshi kawai nake gane mai lafiya!" Haka Stamen Tabakov yake cika baki a kowane shagon kofi na garinmu. Gaskiya ne ya yi aiki a masana'antar transista, 'yan ƙananan na'urorin nan na cikin rediyo, amma fa a bakin ƙofa, yana ɗaga sandar shiga.

Ana gobe bikin gari, amfilifayar ɗakin taro, wato na'urar ƙara sauti, ta fara ɗaukar zafi tana yankewa. Ƙungiyar tsofaffin malamai mata ta shafe hunturu tana gwajin waƙa, ba su kuma da wata amfilifayar. Kafin shugabarsu, Lelya Tsonka, ta nemo mai gyara, Stamen Sarkin Surutu, da yake makullin ɗakin yana hannunsa, ya riga ya kwance murfi.

Ya taɓa faffaɗan ƙarfen da aka ɗaure transistocin a kai, ya janye yatsa. "Ga ɓarawon! Wannan ne mai zafin."

"Stamen, ba shi ne yake kwashe musu zafin ba?"

"Lelya, ke dai ki ji da waƙa."

Ya cire shi, ya jefa a kwandon shara. Ɗan aji uku ma ya san cewa transista in ta yi zafi sai ta ƙara sakin wuta, wutar kuma ta ƙara mata zafi. Stamen bai sani ba, domin a aji barci yake yi.

Sai ya hango taga a buɗe, ga ƙofa a buɗe. Ya dafe kai. "Iska ta ratsa ta! Kakata ma haka ta kwanta. Zazzaɓi ne!" Ya rufe taga, ya tsinke wayar 'yar fankar ciki, ya toshe hujojin iska, ya lulluɓe baiwar Allah da bargon ulu.

Ranar biki ɗaki ya cika. Mata suka ja numfashi, suka ɗauki baitin farko. Sai fat! Hayaƙi ya turnuƙe. Gwanin ya cusa kai ƙarƙashin bargo don ya shinshina, ya fito babu rabin gashin baki.

Har yau hukumar ɗakin ba ta karɓe makulli daga hannunsa ba. A karɓe, ya kuma nemi gafarar matan nan a bainar jama'a!

Shi kuwa da ƙura ta lafa, ya dafa akwatin ya ce, "Ku taɓa ku ji, ai ta yi sanyi."

Lelya Tsonka ta taɓa. "Sannu, likita. Kakar taka ma haka ta warke?"