Ranar da Inna ta Daka Min Darasi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da sufeto ya zo duba darasina ba, har gobe in na tuna raina ɓaci yake yi. Lokacin ina sabon malamin kimiyya a wata sakandare a Birnin Kudu, zamanin da kuɗin mai ke ta kwarara amma ɗakin gwajinmu ko kwalbar kirki babu. Rahoton mutumin nan ne zai sa a tura ni jami'a ƙaro karatu, ko a bar ni ina shan alli.

Don in burge shi (wa ya aike ni?) sai na ɗauko abin da ko a manhaja babu: yadda ƙwayoyin zarra suke jeruwa kamar ginin bulo a cikin wani sinadarin asanet da masana ke haɗawa a ɗakin gwaji. Na tafi gida Gwaram, na sa aka soya min ƙuli-ƙuli dunƙule-dunƙule, ina soke su da tsinken tsire tun da ɗuminsu. Babba ɗaya shi ne ƙwayar zarrar sinadarin asanik, ƙanana huɗu kewaye da shi su ne na iskar oksijin, haka na yi ta haɗawa kwana uku cur. Na rufe a kwali, na ajiye a ɗakin Inna saboda awaki.

Ranar Litinin na shiga aji da kwalina, sufeto yana baya da bironsa. Na gyara wuyan riga na ce, "Yau za ku ga abin da ido bai taɓa gani ba." Na buɗe kwalin. Tsinkaye ne a ɗaure tsaf da zare, gefe kuma ƙullin garin ƙuli, an daka shi da yaji har da citta.

Sufeto ya taso, ya dangwala ya lasa. "Wanda ya daka ya iya, Malam. To ina darasin?"

Yaran nan sun yi dariya har da buga tebur, marasa kunya.

Da na koma gida ina huci na ce, "Inna, aikin kwana uku ne fa!"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗan nan, da girmanka kana wasa da abinci? Guzuri na gyara maka. Ko yajin ne ya yi yawa?"

Gurbin jami'ar wani aka ba, wanda ko da'ira bai iya zanawa a allo ba, ni kuwa na ƙara shekara biyu ina jira. Tun daga nan da yumɓu nake gina sinadaraina, kuma duk da haka sai na gaya wa Inna ba na ci ba ne.