Allon Mai Girma a Tsakiyar Lambatunmu

Jiya da hantsi na tsinci kaina cikin taɓo har gwiwa, da sabuwar rigata. Wani ƙato cikin masu tsaron Mai Girma ne ya ture ni don a ba manya hanya. Sun zo ƙaddamar da lambatun da muka haƙa da hannunmu.

Lokacin da ambaliya ta cinye rabin unguwarmu, hukuma ba ta yi barci ba, Allah ya saka mata. Ta turo kwamiti ya jajanta mana daga cikin mota, gilashi a rufe saboda sauro. Da muka gaji da jiran tallafi, sai muka taru a ƙofar shagon tela, muka zana unguwar a ƙasa da tsinke, kowa ya nuna ta inda ruwa ya shigar masa gida. Aka gano dole lambatun ya ratsa ta filin Baba mai gawayi. Da fari ya ce ko taku ɗaya ba zai bayar ba. Matarsa ta leƙo ta tuna masa yadda aka fito da jikokinsu a cikin baho.

Sai ya ce, "To ku haƙa. Amma ku bar mini bishiyata."

Muka haƙa. Birkila ya ja igiya, mata suka yi ta jidar yashi, ni kuma na riƙe muƙamin mai ba da shawara saboda ciwon baya.

Sai jiya ga jiniya. Mai Girma ya yanka zare, ya yi jawabi, ya ce shi a kullum yana ɗauke da talaka. Yaransa suka kafa wani katafaren allon ƙarfe mai hotonsa, ƙafafunsa daidai tsakiyar hanyar ruwan. Tela ya raɗa mini cewa ruwan farko zai dawo mana ɗaki in aka bar shi nan.

Ƙurar motocinsu na kwantawa muka tumɓuke allon cikin ladabi, muka shimfiɗa shi a kan lambatun, inda da ma muke neman gadar tsallakawa. Ƙarfe ne mai kauri, har kurar 'yan ga-ruwa na bi ta kai.

Yau da safe na tsallaka ta kansa zuwa wajen mai wanki. Tsakani da Allah, Mai Girma ya ɗauke ni, kuma yana ta murmushi.