Hassan Ya Mutu, Saura Usaini

Ko zan manta da komai, ba zan manta da abin da na jawo wa kaina a gidan silimar unguwarmu ba, can wajen Kakuri, zamanin da masaƙu ke tashe. Yanzu wurin ya zama sito, buhunan siminti ne jibge inda muke zama. A da kuwa fili ne ba rufi, sai bencuna da ƙaton farin bango, kuma ni ne gwanin fassara fim ɗin Indiya a bencin gaba. (Tsakani da Allah, ko ruwa ban san sunansa da Indiyanci ba. Fuskar jarumi nake kallo in cusa masa magana a baki.)

Lokacin ina neman auren Binta, babanta kuma ya ce sai abin da yayanta Sani ya faɗa a kaina. Yaya Sani ma'aikacin masaƙa ne, shiru-shiru, ba a gane cikinsa. Na ga babu dabarar da ta wuce in kai shi inda ake ji da ni. A hanya har na ce masa fim ɗin ranar sau huɗu na kalle shi, alhali ko hotonsa na ƙofa ban tsaya dubawa ba.

Silimarmu da wata ta cikin gari fim ɗaya suke rabawa. Faifai-faifai yake zuwa, in can sun gama da wasu, mai babur ya tsallako gada da su. Ranar ana cikin kallo bos ya bindige jarumi, uwarsa ta sha kuka, aka ƙone gawarsa. Ana sa faifai na gaba, sai ga shi garau cikin furanni yana rawa da budurwa.

Wani daga baya ya ce, "Mai fassara, yaya haka? Ba shi aka ƙone yanzu ba?"

Na gyara zama. "Ku dai ba ku san fim ba. Wancan Hassan ne, wannan Usaini. Tun suna jarirai aka raba su a tashar jirgin ƙasa."

Yaya Sani ya ce, "Har tabon goshin iri ɗaya?"

"Gado ne, Yaya. Babansu ma yana da shi."

Ban rufe baki ba aka kunna fitilu. Mai nuna fim ya leƙo ta 'yar tagarsa ya ɗaga murya: "Jama'a, a yi haƙuri! Mai babur ya cakuɗa faifai, na ƙarshe muka sa muku. Jarumi bai mutu ba tukuna, sai an jima!"

Wurin ya kaure da dariya, ana ta "Ina Usaini? A fito da Usaini!" Kunya ta rufe ni, na ji kamar in shige ƙarƙashin benci. Yaya Sani ko murmushi bai yi ba, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Na tabbata Binta ta kuɓuce mini.

Bayan kwana uku ita da kanta ta kawo mini abin da ya gaya wa babansu: "Baba, ba ya shaye-shaye, yana da sana'a, a ba shi. Amma in ya ba ku labari, ku nemi shaida."

Tun daga ranar na koyi cewa "ban sani ba" ba ya kashe mutum. Sai dai na makara, domin har yau in na ce wa Binta an kawo wuta, sai ta tashi ta danna makunni da hannunta.