Ranar da Na Kwaso Tsofaffin Paki

Ko da komai zai kwance mini, ba zan taɓa mantawa da zamana na farko a kwamitin ba gwamnati shawara kan jin daɗin tsofaffi da marasa ƙarfi ba. Ni malamin firamare ne a Paki, kwatsam sai ga takarda wai an sa ni a ciki. Layin farko kawai na karanta, na cusa sauran ƙarƙashin katifa (ni ɗin nan da nake yi wa yara faɗa kullum su gama karanta tambaya kafin su amsa).

Da yamma na tafi gidan surukina, Baba Ilu, wanda tun da na auri 'yarsa yake mini kallon mai cika baki. So nake ya san yau na zama wani. Na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baba, tallafin tsofaffi ya dawo hannuna. A tara su ranar Talata, kowa zai samu."

Talata aka wayi gari da ruwan shuka. Duk da haka dattijon nan ya bi gona-gona ya taso mutum goma sha huɗu, suka ajiye iri, muka cika mota sai Ikara, inda kwamitin ke zama.

Na shiga ɗakin taro cikin babbar riga, suna biye da ni. Shugabar kwamitin, wata Hajiya mai tabarau, ta ɗago kai.

"Malam, waɗannan bayin Allah fa?"

"Masu karɓar tallafi ne, ranki ya daɗe. Na kawo su a rubuta."

Sai ta buɗe irin takardata ta karanto a fili. Aikinmu mu duba tsare-tsare, mu saurari koke, mu rubuta wa gwamnati shawara. Ba ma ɗaukar sunan kowa, ba ma raba ko ƙwayar masara. Shawarar ma sai an ga dama a ɗauka.

Innalillahi! Wallahi gumi ya jiƙa hulata. Na waiga, ido talatin a kaina.

Baba Ilu ya gyara murya. "To Hajiya, tunda koke kuke saurara, ga na farko. A gaya wa gwamnati ta riƙa duba wanda take ba kujera."

Kuma wallahi ta rubuta.

Kwana uku na yi a duƙe ina taya dattawa shuka, ba mai ce mini sannu. A gonar Baba Ilu na koyi cewa in an ba ka muƙami, ka tambayi iyakarsa kafin ka je gaida suruki.