Kwalabe Goma Sha Biyu a Tankin Oga Lasisi

Abubuwa da yawa sun ɓace mini, amma ban da ranar tseren motoci, shekaru kaɗan kafin a ba mu mulkin kai. Lokacin ina sana'ar liƙin dalma a zauren gidanmu a unguwar Gangare, cikin Jos. Bokiti, buta, fitila, duk abin da ya huje wurina ake kawowa. Ni ba mai yawo ba ne (Hajara matata takan ce da zaure na da ƙafa da ya riga ni sanin Bukuru).

Maƙwabcinmu Oga Lasisi makanike ne, Bayarabe haihuwar Jos. Shekara uku yana roƙon Turawan haƙar kuza su bar shi ya shiga tseren da suke yi da motocinsu, wanda ake wuni ana zagaya hanyoyin ƙauye. A wannan shekarar suka yarda. Suna da doka guda mai tsauri: tankin mota kada ya ci fiye da galan goma, don kowa ya riƙa tsayawa shan mai daidai da kowa. Ni ban san da dokar ba. Wa zai gaya wa mai liƙin bokiti?

Ana jibi tsere ya dire mini tanki a zaure. "Malam Sale, gindin nan na yoyo. Ka liƙe kawai, ina sauri."

To, ba a kai wuta kusa da tanki sai an wanke shi. Na kwance marfin sama, na zura hannu, sai na taɓo abu mai laushi. Na jawo. Kwalba ce a toshe, an ɗinke ta cikin jar fata. Na sake zura hannu, wata. Har goma sha biyu! Na ce inna lillahi, maƙiya sun yi wa bawan Allah sammu. Hajara ta ce, "Malam, ka dai tambaye shi." Na ce maganar maza ce. Na zuba su a buhu, na tofe su da addu'a, na liƙe tanki. Da ya zo ɗauka ya ce, "Kai, ya rage nauyi!" Na ce, "Datti na fitar." Nufina sai ya ci tsere in nuna masa wanda ya cece shi.

Ranar Asabar na sa babbar riga, na saɓi buhuna, muka tafi fili da rabin mutanen unguwa. Alƙalin tseren wani dogon Bature ne mai lofe. Kowace mota sai a tsiyaye tankinta, a riƙa zuba mai da galan, tafinta na ƙirgawa da ƙarfi. Aka zo kan tamu. Takwas. Tara. Goma. Oga Lasisi ya miƙa hannu zai rufe, amma mai bai leƙo ba. Sha ɗaya. Sha biyu. Bature ya cire lofe, ya ce wannan ha'inci ne, mota ta fita daga layi.

Nan fa na ga lokacina ya yi. Na ratsa mutane, na juye buhu a gaban alƙali, na ce wa tafinta, "Gaya masa aikin maƙiya ne! Ga abin da suka binne masa a tanki, ni na tono!"

Oga Lasisi ya dubi kwalaben, ya dube ni. Muryarsa ƙasa-ƙasa ya ce, "Malam Sale, ni na sa su. Tankin sha biyu yake ci, na cike gurbin galan biyu. Fatar don kada su fashe ne. Har sule biyu dukawa suka karɓa."

Tafinta, Allah ya saka masa, bai rage ko kalma ba. Bature ya yi dariya har ya ƙware, ya janye maganar ha'inci, amma ya ce awo sau ɗaya ake yi, sai baɗi. Motoci suka tashi suka bar mu tsaye da kwalabe.

Wata guda Oga Lasisi yana wuce zaurena ba sallama. Da ya huce, sai ya riƙa leƙowa yana cewa, "Boka, yau me ka tono?" Sunan ya bi ni har jikoki.

Tun daga ranar, in aka kawo mini abu mai huji, hujin kaɗai nake liƙewa. Ko maciji na gani a cikin buta, sai na aika a tambayi mai ita ko shi ya ajiye.